Nazaren "Turanci zalla" ko wadda ake barin yaro da yarensa?

'Yar uwa da kika yi tambaya kan yarinyarki 'yar shekara uku, kika ce kin rasa wacce za ki zaɓa tsakanin nazaren da ke tutiya da Turanci zalla ba banakula, wato ba yaren gida, da wadda kika leƙa kika ji ana waƙa da Hausa da Birom har da Ibo a aji, kina tsoron kar ta biyun ta ɓata mata Turanci. Ni dai duka biyun na ɗanɗana a nan Jos, babban ɗana irin ta farko ya yi, ƙanwarsa kuma yanzu haka tana irin ta biyun, to bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Ta farkon gaskiya in kin shiga sai ta burge ki, ga tsafta ga yunifom tsaf, wata biyu kacal yaro ya fara dawo miki da waƙoƙin Turanci kina ta jin daɗi kina ɗaukar bidiyo. Amma ki ɗaga kai ki kalli bangon ajin. A na ɗana hoton tuffa ne da dusar ƙanƙara da yara farare, babu ƙwarya, babu akuya, babu ko mutum ɗaya mai kama da kakarsa. Kuma duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gida sai anti, wato malamar aji, ta tsai da shi a gaban aji. Wata rana na je ɗaukarsa na tarar da wandonsa a jiƙe, ashe fitsari ne ya matse shi, bai san yadda zai faɗa da Turanci ba, yana kuma tsoron faɗa da Hausa, sai kawai ya yi shiru ya sake a zaune. Shekararsa uku da rabi fa. Wanda ya fi ci min rai ma bayan nan ne, ranar da mahaifiyata ta ce masa "ina kwana maigida" ya sunkuyar da kai ya ƙi amsawa, wai anti ta ce ba kyau. Wallahi ranar tsohuwar nan ba ta ce komai ba amma na ga fuskarta.

Ta biyun kuwa ba ta kai waccan ƙyale-ƙyale ba, kuma akwai hayaniya, wannan kam ki shirya. Turanci ake koyarwa sosai, bambancin shi ne in yaro ya kasa sai anti ta sauko masa da yaren da yake ji, ta maimaita masa da Turancin. Da safe suna zama a tabarma kowa ya faɗi yadda ake godiya a gidansu, yarinyata ta dawo tana ce min mafeng, wai haka ƙawarta Birom ke cewa, gobe daalu na Ibo, jibi mi yetti na Fulani. A kusurwar wasa akwai ɗan turmi da faifai da zannuwa na goyon 'yar tsana. Tatsuniya yau Gizo da Ƙoƙi, wani satin maman wani yaro Bayarabe ta zo ta ba su ta kunkuru. Abin da ya fi taɓa ni ƙarami ne, antin ta tambayi kowace uwa yadda ake kiran sunan ɗanta daidai, ba ta gutsure sunan kowa don ya yi mata sauƙi a baki.

Maganar ɓata Turanci, ni ma ita ce ta hana ni barci da farko. A tam ɗin farko ba zan ɓoye miki ba, yayanta ya fi ta saurin haddar waƙa lokacin da yake kamarta. Sai dai ita tana tambaya, tana musu, tana ba da labari, shi kuwa haddar ce kawai bakin a rufe. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada a Ife, aka koyar da yara da Yarabanci duk shekara 6 na firamare, Turanci ya zama darasi guda, aka zo aka ga ba su gaza waɗanda aka koyar da Turanci ba, har a Turancin kansa. Yaron da ya tsaya da ƙafarsa a yarensa ba ya wahalar ɗaukar na biyu.

Na san akwai abin da ba ki faɗa ba, addini. Kar ki ji kunya, ki tambaya kai tsaye: yaya ake addu'ar safe, ana tilasta wa yaro ta wani addinin? Wane nama ake sawa ranar da iyaye suka kawo abinci? A tamu kowa da tasa addu'ar, ranar abinci kuma an yi magana tun a taron iyaye, masa ta zo, gwaten acca ya zo, alale ya zo, ba a sa abin da wani ba ya ci. Da Sallah ƴaƴanmu suka ba da labarin ragonsu, da Kirsimeti ƴaƴan Kirista su ma suka ba da nasu, iyakarta ke nan.

Ni abin da ya sa nake riƙe da wannan da hannu biyu, garin nan ne. Mu da muka yi wayo kafin 2001 mun san lokacin da maƙwabciya ke aiko da shinkafar Kirsimeti mu aika da naman Sallah. Daga rikicin 2001 zuwa na 2008 da 2010 anguwanni suka rabu, yanzu sai yaro ya tashi a Anguwan Rogo ko Jenta ya kai shekara goma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan wancan ɓangaren ba, sai abin da ya ji ana faɗa a kansu. In ba a aji ba ina za su haɗu?

Amma ki kula, akwai na jabu. Wasu sau ɗaya a shekara suke ranar al'ada, a ɗaura wa yara kaya a yi hoto a watsa a Facebook, washegari a koma dukan mai banakula. Sannan mu Hausawa mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda kusan kowa a Jos na jin Hausa, tun daga Taminus har cikin coci, da sauƙi ta danne sauran, a ce ana yaren gida alhali ɗan Anaguta ko Afizere bai taɓa jin nasa a ajin ba. Wannan ma na faɗa a taron iyaye.

Ni ta biyun zan zaɓa miki. Amma kafin ki biya ko sisi ki je lokacin tara ba tare da kin sanar ba, ki tsaya bakin taga minti goma ki saurari yadda anti ke amsa wa yaron da ya zo yana kuka da yarensu. Ki tafi da yarinyar ma, ki ga ko za ta saki zaninki.