Gargaɗi ga iyayen 'yan ƙwallo a Jos: masu cewa za su kai yaro Turai sun sake shigowa gari

Assalamu alaikum jama'ar Jos, musamman iyaye mata, don ku aka fi cuta a wannan harka.

Akwai wasu mutane da ke zagaya filayen unguwanni, daga Gangare zuwa Rikkos, Anguwan Rogo, Nasarawa har Bukuru, suna cewa su wakilan makarantun ƙwallo ne na manyan ƙungiyoyin Turai, an turo su neman yara masu basira 'yan shekara 14 zuwa 17. Ni koci ne na yaran unguwa, kuma yaran da nake horarwa na cikin waɗanda ake farauta. Ban kama sunan kowa ba saboda sunan da suka zo da shi bara ba shi suka zo da shi bana ba. Salon ne dai bai canza ba, shi ya sa zan bayyana shi dalla-dalla.

Da talla ake farawa. Hoto ne mai kyau a WhatsApp da Facebook, an jera tambarin ƙungiyoyi huɗu ko biyar, an rubuta cewa za a yi tantancewa ta kwana uku, fom naira dubu goma. Sai su kama hayar fili, su kafa rumfa, su raba wa yara riguna masu lamba. Sau da yawa har da Bature a zaune cikin rumfar, da baƙin tabarau da ɗan littafi yana rubuce-rubuce, ba wanda ya san sunansa balle ƙungiyar da yake wa aiki. Yara ɗaruruwa za su zo tun da asuba cikin sanyin nan namu, kowa a ba shi minti goma sha biyar ko ashirin a fili. Ko a nan aka tsaya sun riga sun ci riba.

Amma ku karɓi fom ɗin ku duba da kyau. Wanda na gani, bayan suna da shekaru da lambar da yaro ke bugawa, akwai layin sana'ar uba, da layin ko gidan da ake ciki na haya ne ko na kai. Me ya haɗa ƙafar hagun yaro da takardar gidan ubansa? Ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci, wani yaro da duk unguwa ta san babu mai tare shi a gefen fili bai ji sunansa ba. Maraya ne, kakarsa ke riƙonsa. Wanda aka ɗauka a gurbinsa ko benci da ƙyar yake samu a wurinmu, sai dai mahaifinsa na da shagon kayan mota a Dilimi. Aljihun iyaye suka zo tantancewa.

Bayan 'yan kwanaki sai takardar gayyata ta shigo waya, da tambari da sa hannu da sunan yaro baro-baro. Daga nan buƙatu ke biyo baya ɗaya bayan ɗaya: kuɗin rajista, kuɗin gwajin lafiya, inshora, biza, tikitin jirgi. Ba sa faɗin jimillar a tashi ɗaya, don sun san wanda ya zuba dubu ɗari uku ba zai so ya tsaya a dubu ɗari ta huɗu ba. Kullum kuma da gaggawa: a biya kafin Juma'a, kasuwar cinikin 'yan wasa za ta rufe, akwai wani yaro daga Kaduna da ke jiran gurbin. Asusun da ake tura kuɗin na mutum ɗaya ne, kuma sau da yawa sunan da ke kai ba na wanda ke magana da ku ba ne.

Wata baiwar Allah ta same ni bakin fili da yamma, ta miƙo min waya.

"Malam koci, don Allah duba min takardar nan. Sun ce saura kuɗin biza kawai."

"Hajiya, nawa kuka bayar zuwa yanzu?"

Ta yi shiru, sannan ta ce ta kwashi adashinta, babansu kuma ya sayar da Kekensa da yake haya da shi. Na duba takardar. Adireshin imel da aka aiko ta da shi na Gmail ne, wanda kowa zai iya buɗewa, ba na ƙungiyar ba, sunan garin da ƙungiyar take ma an rubuta shi ba daidai ba. Na tambaye ta shekarun yaron, ta ce sha biyar zai cika bayan Sallah. Na ce, "Hajiya, ku yi haƙuri, kada ku ƙara ko sisi. Ko ƙungiyar nan da gaske take, doka ba ta ba ta damar ɗaukarsa ba." Ta ce, "Amma malam, mutumin nan har gida ya zo, ya yi sallah da babansu." Haka ne, suna zuwa har gida, su durƙusa su gaishe da tsofaffi, su ci tuwo. Yana cikin aikin.

Dokar da na faɗa mata ita ce ya kamata kowane uba ya riƙe, don ita kaɗai ta isa ta rushe rabin ƙaryarsu. Sashe na 19 na dokokin FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, kan sauya sheƙar 'yan wasa ya hana a ɗauki yaro daga wata ƙasa zuwa wata don ƙwallo sai ya cika shekara 18. Akwai 'yan togaciya, kamar idan iyayen ne suka yi ƙaura saboda wani dalili da ba ƙwallo ba, ko yaron ɗan gudun hijira ne, ko tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ga 'yan 16 zuwa 18, ko wanda gidansu ke dab da kan iyaka. Yaron da iyayensa ke zaune a Anguwan Rogo bai shiga ko ɗaya ba. Kuma dokar ba ta wasa ba ce. A kanta FIFA ta hukunta Barcelona a 2014, ta hukunta Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, ta hukunta Chelsea a 2019, dukkansu ta hanyar hana su sayen 'yan wasa. Ƙungiyoyin Ingila kuwa, tun Janairun 2021 bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ko yaro ɗan Faransa ba sa iya ɗauka sai ya kai 18. To wane ne wannan da zai tsallake duk wannan da ɗan shekara 15 a kan kuɗin Keke?

Za su ce ai ba saye ba ne, gwaji ne. Shi ma gwajin da dokarsa. Yaro daga nan ba ya zuwa gwaji waje kafin kakar wasan da zai cika 16, sai da rubutaccen izinin iyaye, kuma ƙungiyar ce ke cike fom ɗin gwaji na FIFA ta shigar da shi a na'urar hukumar aƙalla kwana 10 kafin a fara. Gwajin matashi ba ya wuce mako 8 a ƙungiya ɗaya cikin kaka guda. Sannan dokar ta hana mutanen ƙwallo neman kuɗi ko karɓar kuɗi a kan samar da gwaji. Ku ce ya nuna muku wannan fom, ku ga yadda zance zai koma wani wuri.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda suke cin kasuwa da sunayen 'ya'yan garin nan. "Ba ga Ahmed Musa ba? Ba ga Mikel ba?" To mu bi hanyar Ahmed Musa ɗin. A makarantar GBS ta nan Jos ya taso, ya buga wa ƙungiyar JUTH, ya koma Kano Pillars inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar ƙasa. Sannan VVV-Venlo ta Holan ta neme shi, kuma duk da haka sai da aka jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya samu damar buga mata. Moses Simon shi ma daga GBS ya fita, ya fara da Trencin ta Sulobakiya a 2014, ƙungiyar da yawancinmu ba mu taɓa jin sunanta ba, kafin Gent ta Beljiyam ta ɗauke shi a 2015. Mikel kuwa, da ya bi ta makarantar Pepsi da Plateau United, rigimar da aka yi a kansa ta ƙare ne a 2006 da Chelsea ta biya fam miliyan 16, aka raba tsakanin Manchester United da Lyn ta Norwe. Kowannensu an gan shi yana buga wasa na gaske, a gaban jama'a, kaka bayan kaka, kuma ƙungiyoyi ne suka fitar da kuɗi a kansu.

Haka harkar take tafiya. Makarantar ƙwallo ta gaskiya ribarta tana gaba: idan yaron da ta raina ya sa hannu a kwantiragi a waje, akwai kuɗin horarwa da dokar FIFA ta ba ta, kuma duk lokacin da aka sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa ana ware kashi 5 cikin 100 na cinikin a raba wa waɗanda suka horar da shi tun yana shekara 12 har 23. Ejan na gaskiya, wato dillalin 'yan wasa, shi ma rabonsa na fitowa ne bayan an sa hannu. Duk wanda ya ga kuɗi a ƙafar ɗanka, shi zai yi ɗawainiyarsa, har ya riƙa lallaɓa ka kada wani ya riga shi. Ba ina cewa duk makarantar da ke karɓar kuɗin wata ta 'yan damfara ce ba. Akwai na kirki a Jos da Abuja da ake biya don koci da ƙwallaye da fili, kana gani da idonka abin da ka biya. Wanda ke sayar maka da alƙawarin jirgi shi nake magana a kai.

Waɗanda suka biya har ƙarshe, yawanci Abuja ake kai su, wai sansani kafin tashi. Gida ne ake kamawa a gefen gari, yara goma sha a ɗaki, katifa a ƙasa, gari da ƙuli. An karɓe fasfo ɗinsu da sunan za a kai ofishin jakadanci. Yau a ce an ɗaga ranar ganawa, gobe a ce Baturen ya yi tafiya, har ranar da mai gida zai zo neman kuɗin haya ya tarar lambar ejan a kashe. A nan ne abin ke cin rai. Yaron da aka yi wa walima, abokai suka raka shi tasha, aka sa hotonsa a waya ana ta Allah Ya tsare hanya, da wace fuska zai dawo? Na san wanda ya gwammace ya zauna can yana wankin mota, yana gaya wa mahaifiyarsa a waya cewa biza na hanya. Iyayen ma shiru suke yi don kada a ce sun yi wauta. Wannan shirun ne ke ba mutanen nan damar dawowa gari ɗaya, su kafa rumfa a fili na gaba, su sake kwasa.

Wanda ma aka cuce shi a nan gida ya ɗan tsira a kan wanda aka fitar. Ana kai yaro da bizar yawon buɗe ido, wadda ba ta ba shi damar aiki ko buga wa kowace ƙungiya, a ajiye shi a otal a Istanbul ko Dubai, a biya kwana kaɗan, a ɓace. Wasu a kai su Arewacin Sayifurus, alhali hukumar ƙwallon wurin ba ta cikin FIFA. A 2015 BBC ta bankaɗo yadda aka kwashi yara daga Afirka ta Yamma, har da 'yan shekara 14, zuwa ƙungiyar Champasak United ta ƙasar Laos, suna kwana a ƙasa cikin filin wasa. Wannan ya wuce damfara, safarar mutane ce, kuma aikin NAPTIP ne, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Idan kuma aka ce a kawo kuɗi a gyara shekarun yaro a fasfo, a rage ko a ƙara, ku ƙi. Laifi ne da zai bi yaron, ba ejan ba, kuma tun 2009 FIFA ke amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance 'yan ƙasa da 17.

Kafin ku saurari kowa, ku tambayi cikakken sunansa. Tun 2023 ba a zama ejan ƙwallo sai da lasisin FIFA, kuma sunayen masu lasisi na nan a shafin hukumar na intanet. Kowane ɗan sakandare zai iya duba muku a waya. Hoton katin da ya nuna muku ko hotonsa da wani shahararren ɗan wasa ba hujja ba ne. Ku je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Filato ku tambaya ko sun san da wannan tantancewa. Ku nemi adireshin ƙungiyar da kanku daga shafinta, ba wanda ke jikin takardar ba, ku aika mata ku ji. Ku tafi da kocin yaron duk inda za a yi magana. In suka ce ba sa son koci a ciki, kun samu amsarku.

Wanda ya riga ya biya, kada ya goge komai. A adana hirar WhatsApp, da saƙon banki, da lambar asusun da sunan da ke kai, da takardar gayyatar, da hotunan ranar tantancewa. Asusun banki na da mai shi, kuma ta nan ake bin sawu. Iyayen da abin ya shafa su haɗu su kai ƙara tare wurin 'yan sanda ko EFCC, don ƙarar mutum goma a kan asusu ɗaya ta fi ta mutum ɗaya nauyi. Idan kuma ɗanku na Abuja yanzu haka yana jiran biza, a tura babba namiji ya je ya gan shi da ido, ya nemi fasfo ɗin a hannu. In sun hana, a wuce ofishin NAPTIP, hedikwatarsu na can Abuja, sannan a taho da yaron gida.