Hattara da masu tallar "tsohuwar darar Razdan" a intanet

Jama'a, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp wadda ya kamata kowa ya sani, musamman masu sayen kayan tarihi don su sayar, da iyayen da 'ya'yansu suka fara koyon darar Turawa, wato ces. Wasu mutane ne ke tallar 'ya'yan dara na katako cikin akwati, suna cewa na kamfanin Jaques ne na Landan, sun haura shekara 150, wai an tsinto su ne a gidan wani Razdan ko Di'o da ya bar su lokacin da Turawa suka tafi. Ina koyar da wasan nan, ina kuma ɗan taɓa gyaran tsofaffin 'ya'yan dara, shi ya sa ake yawan turo mini hotunan a ce in duba. Cikin waɗanda suka zo mini ta wannan hanya, ban ga na gaske ko ɗaya ba.

Mutum biyu ne ke aikin. Na farko shi ne mai kaya, kullum a matse yake, ko dai mahaifiya na asibiti ko kuma magada na jiran rabon gado. Zai nuna bai san darajar abin da ke hannunsa ba. Da ka yi magana a ƙarƙashin tallar, ba za a daɗe ba wani zai turo maka saƙo da lambar waje, ya ce shi dillalin kayan tarihi ne a Ingila, ya ga kayan, yana so, amma mai kayan ya ƙi yarda da shi saboda yana nesa. "Alhaji, kai da kake kusa ka saya kawai, ni zan ninka maka sau biyar." Daga nan mai kaya zai bugo ya ce, "Ranka ya daɗe, wani ya zo da kuɗi a hannu, amma kai na fara yi wa alkawari, ka turo kafin alƙalami in ajiye maka." Kana biya, dillalin Ingila ya ɓace. Idan ka yi sa'a a aiko maka da akwati a mota, idan ba ka yi ba sai a bi ka da kuɗin fito da kuɗin kwastan har ka gaji ka haƙura. Wani abokina mai shagon kayan ɗaki ya yi asarar abin da zai sayi babur ta wannan hanya, kuma shi ko yadda doki ke tafiya a kan allo bai sani ba.

Akwai wani labari na gaskiya da suke ɗana tarkon da shi. A shekarar 1831 an tono wasu 'ya'yan dara a tsibirin Lewis na Sikotilan, waɗanda aka sassaƙa a ƙarni na 12 daga hauren wata dabbar teku. Wasu 'ya'yan ba a same su ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓacen, wani mai sayar da kayan tarihi a birnin Edinbara na Sikotilan ya saye shi fam 5 a 1964, ya zauna a aljihun tebur shekara da shekaru, sannan a 2019 aka yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Sotheby's a kan fam 735,000. Haka abin ya faru, babu ƙari. Amma wannan kaya ne na shekara 800, ba shi da wata alaƙa da akwatin katakon da ake nuna maka a waya. Suna turo labarin ne don zuciyarka ta fara lissafin riba kafin idonka ya duba kayan.

To ga abin da ya kamata ido ya duba. Siffar 'ya'yan darar da kowa ya sani yau, sarki da alamar gicciye a ka, sarauniya da kambi, bishof mai tsaga a kai, doki mai geza, ana kiranta Staunton. Wani Nathaniel Cooke ne ya yi mata rajista a watan Maris na 1849, kamfanin John Jaques ya fara fitar da ita kasuwa a wannan shekara, aka kuma laƙaba mata sunan Howard Staunton, gwanin wasan na Ingila a lokacin. Saboda haka duk wanda ya nuna maka wannan siffa ya ce ta 1820 ce ko ta 1790, magana ta ƙare, ba sai ka ci gaba da dubawa ba. Kafin 1849 wasu siffofi ake yayi, irin su St George a Ingila da Regence a Faransa, dogaye sirara, wasunsu ma da wuya baƙo ya bambance bishof da kurtu, wato mafi ƙanƙanta cikin 'ya'yan. Na ga talla da aka rubuta 1805 a jikin darar Staunton, mutane kuma suna ta rubuta "Masha Allah" a ƙasa.

Abin da suka fi tinƙaho da shi shi ne hatimi. Gaskiya ne Jaques na buga sunansa da kalmar London a gefen gindin farin sarki, daga baya ya riƙa buga wa sarakunan biyu. Yana kuma buga ɗan tambarin kambi a kan doki da hasumiyar da ke ɓangaren sarki. Sai dai hatimi shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira a cikin akwatin gaba ɗaya. Ƙarfen buga haruffa ba shi da tsada, tambarin kambin kuwa wasu kamfanonin Ingila ma sun yi amfani da shi, don haka ba hujja ba ne shi kaɗai. Hatimin asali ƙanana ne haruffansa, a jere daidai, kuma dattin shekaru da man sheƙi sun shige cikinsa sun zama launi ɗaya da jikin katakon. Wanda aka buga jiya, cikin ramin harafin fari ne tas, ko kuma an cusa masa baƙin man takalmi ya yi baƙi fiye da kima. Haka takardar da ke manne a cikin murfin akwati mai ɗauke da sa hannun Staunton. Na farko-farko ne kawai ya sa wa hannu da alƙalaminsa, sauran duk bugawa aka yi, kuma yau kowa na iya sauke hotonta ya buga ya jiƙa da ruwan shayi. Ka ce a ɗauko maka hotonta dab da dab. Idan ka ga launin ƙananan ɗige-ɗige ne irin na firinta, ka san inda aka dosa. Kada kuma wani ya ce maka ya tabbatar da lambar akwatin a tsohon kundin kamfanin. An yi wa masana'antarsu ta unguwar Hatton Garden a Landan ruwan bama-bamai a 1941 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin tsofaffin takardun kamfanin suka salwanta, shi ya sa masana ke gane shekarun kayan ta hanyar kwatanta sassaƙar dawaki da irin takardar akwati.

Ni dai doki nake fara dubawa. Sauran 'ya'yan a kan injin juya katako ake fitar da su, amma kan doki da hannu ake sassaƙa shi, kuma a nan ake gane maƙeri. Dokin Jaques kashi biyu ne, kai daban gindi daban, ana murɗa su su haɗu. An ce daga dawakan dutsen Girka da ke gidan tarihi na Birtaniya aka kwaikwayo shi, kuma salon sassaƙar ya yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani, har masu tara kayan suka raɗa wa kowane salo suna. Dawakai huɗun tsohuwar dara sukan yi kama kamar 'yan ɗaki ɗaya, amma ba sa zama ɗaya sak. Kunnuwa sukan ɗan guntule, hanci ya yi sulɓi saboda yatsu, tsagar geza ta tara datti. Idan kunnuwan duka huɗun a tsaye suke da kaifi, amma jikin cike da tabo, to da gangan aka yi tabon.

Tsufa na gaskiya ba ya bazuwa daidai wa daida. Inda hannu ke kamawa nan ke canza launi, wato wuyan sarki da kan kurtu, inda kuma 'ya'ya ke gogar juna a akwati nan ke samun rauni, wato bakin gindi da tsinin kambin sarauniya. Farin katakon da ake amfani da shi, bokswud, a hankali yake rikiɗa ya koma ruwan zuma, kuma launin a cikin katakon yake. Na jabu shafa masa ake yi, sai ka ga ya taru a lungu-lungu, wani lokaci ma ka goga farin ƙyalle mai ɗan danshi ya fito da launi. Baƙaƙen kuwa na asali eboni ne, dangin kanyarmu, mai nauyi, baƙi har ciki. Da yawa cikin na kasuwa farin katako ne aka rina, da ka duba inda ya ɗan ɓantare sai ka ga fari. Wannan ba laifi ba ne a karan kansa, don tun da can ana yin masu araha haka, laifin shi ne a sayar maka da shi a matsayin eboni. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne tsagewa. Ana zuba dalma a gindin 'ya'yan don su yi nauyi, to da shekaru katako na tsukewa dalma ba ta bin sa, sai gindin eboni ya tsage, galibi a manyan 'ya'ya. Tsagar nan tana rage kuɗin kaya, amma tana cikin shaidun da ɗan damfara ba ya iya yi cikin sauƙi. Haka gindin da ya daɗe yakan ɗan kauce daga cikakken da'ira, domin katako ta gefe ɗaya ya fi tsukewa.

Sai ƙananan abubuwa da ke tona asiri nan take. Ƙirga 'ya'yan. Tsohuwar dara 32 ce, idan ka ga 34 da ƙarin sarauniya biyu, yayin zamanin nan ne. Duba sukurun da ke riƙe da murfin akwati: mai tsaga ɗaya shi ne na da, mai kan gicciye sai a shekarun 1930 ya shigo, ko da yake ana iya canza sukuru wajen gyara. Shinshina akwatin, warin sabon fenti ko gam ba ya ɓoyuwa. Koren ƙyallen da ke ƙarƙashin 'ya'yan ya kamata ya koɗe, gefensa ya cinye. Tsawon sarki ma a tambaya, domin girman da aka fi sani a Jaques shi ne inci 3.5 da inci 4 da inci 4.4.

Daga ina jabun ke fitowa? Yawancinsu ba a yi su don cuta ba. Birnin Amritsar na Indiya ya shahara da sassaƙa 'ya'yan dara, kuma maƙeransa na yin kwaikwayon tsofaffin salo, har da na 1849, wasu a rina su su yi kamar sun tsufa. Ana sayar da su a fili a matsayin sababbi, kuma wallahi wasunsu aiki ne mai kyau, ni kaina da irinsu nake koyar da yara. Ɗan damfara sayen su yake yi, ya cire takardar da ke nuna ƙasar da aka yi su, ya ƙara musu tabo da hatimi da labarin Razdan.

Akwai kuma masu wayon da ya fi wannan, waɗanda kayansu tsofaffi ne da gaske amma ba abin da suka ce ba ne. Kamfanin Lardy na Faransa, wanda ya yi aiki daga 1890 zuwa 1992, ya cika duniya da darar katako marar hatimi, haka Tarayyar Sobiyet ta yi su jibgi-jibgi, waɗanda galibi ake gane su da rashin gicciye a kan sarki da ɗan tsini mai launin abokin hamayya. Kaya ne masu daɗin wasa, masu tarihi, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na Jaques na farko-farko ba, waɗanda kan kai dubban fam a gwanjo. Wani kuma haɗe-haɗe yake yi, ya tattaro 'ya'ya daga akwati biyu ko uku, ko ya sami akwatin asali ya zuba masa baƙin 'ya'ya. Ka ce a jera kurata takwas a layi a ɗauki hoto daga gefe, wanda ba ɗan gida ba zai fito da kansa ta tsawo ko ta launi.

Idan aka ce maka fararen na hauren giwa ne, ka janye hannunka gaba ɗaya. Yarjejeniyar CITES, ta kare namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, Birtaniya kuma ta kafa dokarta a 2018, ta fara aiki a 2022, wadda ta rufe kusan duk cinikinsa in ban da 'yan keɓantattun abubuwa masu rajista. Dillalin da ya ce ka sa masa haure a jirgi zuwa Landan, ko ƙarya yake yi ko yana neman jefa ka hannun kwastan.

Wani lokaci ma babu kayan sam, hoton kawai aka sato daga shafin masu gwanjo. Sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google, sau da yawa za ka gan shi a inda aka ɗauko shi. Ko ka ce mai kaya ya kira ka ta bidiyo, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da sarki, ya kife shi ka ga gindin, ya murɗe kan doki a gabanka. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce kyamararsa ta lalace, ko kayan na wurin ƙaninsa a wani gari, ko ya fara rantse-rantse yana cewa ba ka yarda da ɗan'uwanka Musulmi ba, ka bar shi. Kuma kada ka tura kuɗi asusun da sunansa ya saɓa da na wanda kake magana da shi, ko asusun mai POS da aka ce "na maƙwabcina ne".

Wanda ya riga ya biya, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ɗauki hoton duk hirar da lambobin waya da shaidar tura kuɗi tun kafin su goge shafin, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC idan a Najeriya yake. Ya kuma sa ran kira na biyu daga wanda zai ce shi jami'i ne ko lauya, zai ƙwato masa kuɗin idan ya biya wani abu tukuna. Galibi su ne dai suka dawo da sabon layi.