Na kai motata saitin rada bayan gyaran bamba: abin da na gani

Motata Camry ce ƙirar 2018, daga Amurka aka shigo da ita. A daminar bana na daki bayan wani ɗan adaidaita sahu a shataletale, a nan Kano. Babu wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma bamba ta tsage, tambarin gaba ya fashe. Mai gyaran jiki ya yi aiki mai kyau, fenti ya zauna kamar ba a taɓa motar ba. Ko fitila ɗaya ba ta kunna a dashbod ba, ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare.

Bayan sati biyu, a hanyar Zariya, na kunna tsarin nan da take bin motar gabanta tana rage gudu da kanta. Sai ta taka birki saboda wata tirela da ke can ɗaya layin, alhali gabana fayau. Iyalina suna ciki, akwai kuma mota a bayanmu. Har muka isa gabana bai daina faɗuwa ba.

A Abuja na samu wurin da ke da kayan saitin rada, wato na'urar da motar ke auna nisan abin da ke gabanta da ita. Mai aikin ya nuna mini cewa rada tana bayan tambarin gaba ne, kyamara kuma tana saman gilashi, bayan madubi. Ya ce, "Alhaji, in radar nan ta karkace da digiri ɗaya kacal, a nisan mita 100 kallonta ya kauce da kusan mita 1.75." Wato kusan rabin faɗin layi ke nan. Kuma motar ba lallai ta sanar da kai ba, don ita a wurinta gaba take kallo.

Yadda suka yi aikin ne ya kwantar mini da hankali. Sai da suka auna iskar tayoyi, suka sa na kwashe kayan but, suka ajiye motar a daɓe mai daidaito, suka duba alaimen. Sannan suka fitar da tsakiyar motar da zare da awo, suka kafa wani ƙarfe mai kusurwa uku a gabanta, suka haɗa kwamfuta. Nan aka gano ƙarfen da ke riƙe radar ya ɗan lanƙwashe, tambarin da aka sa mini kuma na kwalliya ne, ba irin wanda aka ƙera don rada ta ratsa shi ba. Ban ga laifin mai gyaran jikin ba. Ni ma da nake tuƙa motar kullum ban san da bambancin ba.

Na ce a haɗa da kyamara a saita gaba ɗaya. Mai saitin ya ce babu buƙata, tunda ba a canza gilashi ba, ba a ciro kyamarar ba, alaimen kuma yana nan daidai. Da ya karɓi kuɗin, ba zan sani ba. Ya ce lokacin da zan dawo shi ne in an canza gilashin gaba, ko an sake kwance bamba, ko an yi aikin ƙafa, ko jakar iska ta fashe.

Akwai abin da bai yi mini daɗi ba. Kwana huɗu na yi ina jiran sabon tambarin da ya dace da radar, ba a faɗa mini tun farko ba, kuɗin kuma ya kusa kamo na gyaran bamba da fenti. Takardar sakamakon saitin ma sai da na nema aka buga mini, alhali hujja ce da mai mota yake buƙata, musamman ranar sayarwa.

A hanyar dawowa na wuce tireloli da yawa tsakanin Kaduna da Zariya, tsarin yana kunne, ba ta sake taka birki a banza ba. Gilashina na gaba yana da 'yar tsaga da tsakuwa ta yi masa. Na riga na ware kuɗin saitin kyamara tare da na sabon gilashin.