Sharhi kan kamfanin kwangilar da ya gina mini gida: maginai gwanaye, kayan aiki sai an sa ido

Na ba wani ƙaramin kamfanin kwangila aikin gina gidana daga harsashi zuwa rufi, bisa yarjejeniyar cewa su za su kawo ma'aikata da kayan aiki, ni kuma in riƙa biya mataki-mataki ina duba aikin da kaina. Ra'ayina a kansu shi ne maginansu sun san aikinsu, amma ɓangaren da ke sayo musu kaya bai cancanci a amince masa ido rufe ba.

Birkilolinsu sun burge ni. Layin bulo ya miƙe, kusurwoyi sun daidaita, kuma shugaban ma'aikatan bai yarda a yi wasa da kwaɓin kankare ba: awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, kamar yadda injiniya ya rubuta. Ya kuma tsaya kai da fata cewa sai an yi wa ginshiƙai ban ruwa na aƙalla kwana 7, domin kankare ba ya kai ƙarfin da aka tsara masa sai bayan kwana 28, kuma idan ya bushe da wuri tsattsagewa yake yi.

Matsalar ta fara ne daga rodi. An kawo shi da sunan mai kaurin milimita 12, amma injiniyan da na ɗauka daban, wanda ba ya cin albashin kamfanin, ya ce a ɗora a sikeli. Sanda ɗaya ta irin wannan rodi mai tsawon mita 12 ya kamata ta kai kusan kilo 10.7, waɗannan kuwa sun gaza ƙwarai. Wannan shi ya fi ɓata mini rai, domin da zarar an zuba kankare babu mai sake ganin rodin, alhali a kansa nauyin ginin da rayukan mazauna gidan suka dogara. Daga baya kuma wasu buhunan siminti suka iso da dunƙule-dunƙule a ciki, alamar sun sha danshi a wurin ajiya.

Duk lokacin da na yi magana, sai a ce laifin dillali ne. Ban karɓi wannan uzuri ba, tunda da kamfanin na ƙulla yarjejeniya, kuma shi ya zaɓi dillalin. Gaskiya ne sun mayar da kayan sun sauya ba tare da neman ƙarin kuɗi ba, sai dai aiki ya tsaya cik har damina ta riske mu ba a yi rufi ba.

Wanda zai ba su aiki, shawarata ya ɗauke su a matsayin ma'aikata kawai, ya sayi rodi da siminti da kansa, ko kuma ya sa a rubuta kauri da nauyin kowane kaya a cikin yarjejeniya. Kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin matakin da ake ciki, kuma ya riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin aikin har sai an ga yadda ginin ya jure ruwan sama na farko. A kan waɗannan sharuɗɗa kaɗai zan sake kiran su aikin filasta.