Kafin ka sayi abincin doki, tambayi abin da injin ya niƙa jiya

Duk wanda ya taɓa ɗaure doki ya san yadda ake duba abinci a kasuwa. A damƙi dusa a shinshina ko ta yi tsami, a tauna ƙwayar dawa a ji ko ta bushe, a kwance damin harawa a ga ko ruwa ya taɓa ta. Duk wannan daidai ne. Amma akwai wani abu da wannan dubawar ba ta kama shi, kuma ba mugu ne ke zuba shi ba. Magani ne halastacce da ake haɗa wa kaji da shanu a abinci, wanda in ya shiga cikin doki sai ya zama ajalinsa.

Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan magunguna sunansa monensin, ana sayar da shi da sunan Rumensin don shanu, da sunan Coban don kaji. Yana da 'yan'uwa: salinomaisin, lasalosid da narasin. Masu gidan gona na saka su a abincin kajin nama don kare su daga cutar nan mai sa kashin jini, masu kiwon shanu a ƙasashen waje kuma don shanu su yi ƙiba da abinci kaɗan. Kaza na ɗaukar monensin har wajen miligiram 200 a kowane kilo na nauyinta kafin ya kai ga kisa. Doki kuwa miligiram 2 zuwa 3 sun ishe shi. Wato ingarma mai kilo 400, giram ɗaya kacal zai iya kayar da shi, kuma garin maganin da ake kai wa masu haɗa abinci yana da ƙarfin da cokalin shayi ɗaya ko biyu ya ƙunshi wannan giram ɗin. Salinomaisin ma ya fi haka tsanani. Tsoka maganin ke ci, zuciya kuwa tsoka ce. Har yau babu makarinsa.

A watan Agustan 2024, a garin Elk City na jihar Oklahoma a Amurka, gidan Beutler, waɗanda suka gaji kiwon dawakin wasa kaka da kakanni, sun yi asarar dawaki kusan 70 cikin 'yan kwanaki, daga mota ɗaya ta abinci. Kamfanin da ya haɗa abincin ya amsa cewa monensin ne, ya ce ba a tsabtace injin yadda ya kamata ba bayan an gama na shanu, wata na'urar da ke lura da aikin kuma ta samu matsala. Ƙasa ce mai dokoki da masu bincike. Wannan ne ya sa nake ganin mu da muke kiwon doki a Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram, inda yawancin injinan haɗa abincin dabbobi don kaji aka kafa su, ya kamata mu fi su sa ido.

Hanyoyin da mai doki ke samun abinci kusan huɗu ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Mafi kwanciyar hankali shi ne abincin buhu daga kamfanin da wannan magani ba ya shiga ƙofarsa sam, ko don na doki kaɗai yake yi, ko don ya yanke shawarar ba zai taɓa maganin ba. Abin da bai shigo gida ba, ba zai faɗa cikin buhu bisa kuskure ba. Matsalarsa tsada da wuyar samu. Galibi masu dawakin folo da na tsere ne ke iya jure kuɗinsa. Shi ma ba a ce ya tsira daga komai ba. A watan Oktoban 2020 an gano zilfaterol, maganin sa shanu ƙiba, a abincin dawaki na kamfanin Gain da ke ƙasar Ailan. Ta cikin ruwan rake mai kauri da suke saye daga wani wuri ya shigo musu, har mai horar da dawaki Aidan O'Brien ya janye dawakinsa huɗu daga babban tseren Arc na birnin Paris. Duk da haka, in aljihu zai ɗauka, nan zan fara kai kuɗina.

Na biyu shi ne babban kamfani mai yin na kaji, na shanu da na doki a gida ɗaya. A nan ne ake buƙatar baki, domin kalmar "muna wanke inji" tana da faɗi. Wasu suna da layi dabam na doki, da tukunyar haɗi dabam da rumbu dabam, wannan da dama-dama. Wasu kuwa layi ɗaya ne, sai dai bayan an gama mai magani a tura masara zalla ta share hanya, ko a jera aikin yadda na doki ba zai biyo bayan mai magani kai tsaye ba. Dabarun suna rage haɗari ƙwarai, amma sun dogara da ma'aikaci bai gaji ba, bai manta ba, na'ura ba ta tsaya ba. Ranar da ɗaya ya kuskure, abin Oklahoma ke nan. Ka tambaye su ƙarara: kuna amfani da maganin kashin jinin kaji a wannan gida? Layin doki dabam yake? Motar da ke ɗaukar na doki tana ɗaukar na kaji? Wanda ya san aikinsa zai amsa maka ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya ce "haba Alhaji, ba a taɓa samun matsala ba" bai amsa tambayarka ba. Lambar rajista a jikin buhu abu ne mai kyau, amma ba ita ce shaidar abin da ya bi ta injin kafin naka ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, don shi ya fi kusa da mu kuma ya fi araha: ƙaramin injin unguwa, inda kowa ke kawo kayansa a niƙa masa a haɗa. Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri ina jiran a ɓarza mini dawa. Wanda ke gabana mai kaji ne, ya yage ledar garin maganinsa ya juye a tukunyar haɗi tare da masara da waken suya. Da aka gama nasa, yaron injin ya ɗauki guntun tsintsiya ya share bakin, ya miƙo hannu ya ce, "Baba, kawo naka." Na leƙa ciki, sai ga gari ya daskare a kusurwoyi da jikin ƙarfen da ke juyawa, kauri kamar yatsa. Yaron ba shi da laifi, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke raya kaza yana kashe doki. Na ɗauki buhuna na koma gida da dawata tsaba. Irin wannan inji, in dai ana haɗa abincin kaji a cikinsa, ba wurin abincin doki ba ne, ko da kyauta za a yi maka.

Na huɗu shi ne abin da iyayenmu suka saba: dawa, gero, harawa, karmamin gyaɗa, ciyawa, ɗan dusa da kanwa, kai da kanka ko yaron barga ku haɗa a gida. Ta fuskar wannan guba, hatsin da ba a niƙa ba ya fi komai aminci, tunda kana ganin kowace ƙwaya. Inda ake zamewa shi ne dusa. Dusar da ta fito daga injin fulawa ko injin surfen abincin mutane dabam take da wadda aka sharo daga ƙasan injin abincin kaji, amma a kasuwa duk dusa ce sunansu. Sai kuma buhu. Sau nawa ake auna maka dusa a zuba a tsohon buhun abincin kaji, hoton zakara na nan a jikinsa? Tafi da buhunka. Haɗin gida kuma yana da nasa sharuɗɗan: masarar da ta yi fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, dusa in ta yi yawa babu isasshiyar harawa tana raunana ƙashi har fuska ta kumbura. Ga mai doki ɗaya ko biyu na hawan Sallah, wannan hanya ce na fi ba shi shawara, matuƙar ya san asalin dusarsa.

Abincin kaji kansa, da haɗin turkar shanu, da dutsen lasa na shanu da ba ka karanta abin da ke cikinsa ba, kada su kusanci komin doki. A gidan da ake kiwon kaji da doki tare, a raba ɗakin ajiya, a raba mudu da bokiti. Doki in ya kwance da dare, buhun da ya tarar a buɗe shi zai sa wa baki.

Ko wace hanya ka zaɓa, duk sabon buhu ka ɗebi cikin gwangwani ɗaya ka ɗaure a leda, ka rubuta ranar da ka saya da wurin, ka ajiye takardar jikin buhun har sai ya ƙare. In ka zuba sabon abinci doki mai ci ya shinshina ya kau da kai, kada ka yayyafa masa gishiri ko kanwa don ya ci, kwashe. In kuma ya riga ya ci, ka ga gumi na keto masa ba tare da gudu ba, yana murƙususun ciwon ciki, ƙafafun baya na rawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, musamman in doki fiye da ɗaya ne a lokaci guda, tsayar da abincin ga dukkansu ka kira likitan dabbobi a take. A sa'o'in farko ana iya ɗura masa garin gawayi na asibiti a sa masa ruwa. Ka miƙa wa likitan ledar nan da ka ajiye.

Dokin da ya tashi daga wannan ciwo, sau da yawa tabon na nan a zuciyarsa ko da ya koma cin abinci gashinsa na sheƙi, kuma yana iya yanke jiki ya faɗi da mahayi a bayansa bayan makonni ko watanni. Kada a ɗora masa sirdi, ko na kilisa ne, sai ya huta na watanni likita ya duba zuciyar, ko da hawan Daushe saura mako guda.