Memorin darussan janar-janar da shugabannin farar hula: abin da ya ci kuɗinsa da abin da bai ci ba

Akwai wani memori da ke yawo yanzu a hannun masu turi a Katsina, daga rumfunan waya na Babbar Kasuwa zuwa teburan bakin tasha da na wajen Ƙofar Ƙaura. Darussa ne goma sha biyu na baka, da Hausa, a kan manyan hafsoshin soja da suka ja da shugabannin farar hula kan yadda ake tafiyar da yaƙi. Muryar mutum ɗaya ce daga farko har ƙarshe, babu sunansa a jiki, kowane darasi yana cin wajen minti 40, jimilla kusan awa 8. A garin da babu majalisar da za a zauna ba a taɓo maganar tsaron Batsari da Jibiya da Safana ba, ba abin mamaki ba ne kayan ya samu kasuwa. Darussa uku a ciki sun isa a saye shi dominsu. Amma akwai wani kuskure da ya ratsa shi tun daga darasin farko, kuma shi ne ya fi bukatar a tsaya a kansa.

Tukuna dai shi kansa katin, don nan ake fara cutar mai saye. Magana ce zalla aka naɗa, ba waƙa ba, saboda haka awa 8 ɗin nan ba ta kai megabait 300 ba. Duk wanda ya ce maka sai ka sayi mai giga 16 ko 32 kafin darussan su shiga, kati yake son sayarwa. Mai giga 2 ma ya yi yawa. Babban katin da ya wuce giga 32 kuwa ƙaramar rediyo mai cin memori ba ta karanta shi, domin tsarin da ake yi masa fomatin da shi daban ne da wanda ta sani. Sannan akwai katin jabu mai nuna giga 16 a waya alhali cikinsa bai kai haka ba: da zarar an cika shi da finafinai a kan darussan, sai sabbin su hau kan tsofaffin, ka kunna darasi na 2 ka ji shiru. Kafin ka miƙa kuɗi ka sa a kunna maka na farko, na tsakiya da na ƙarshe, ka kuma ja kowanne zuwa wajen minti na 30 ka ji ko yana tafiya.

Matsala ta biyu ita ce jeri. Yawancin ƙananan rediyoyi da sifikun nan ba sa bin lambar da ke jikin suna, suna bin yadda aka jefa fayilolin cikin katin ne. Mai turi in ya kwashe su duka lokaci ɗaya ya zuba, sai ka ji Iraƙi ta rigayi Koriya. Maganinsa a goge katin, a tura ɗaya bayan ɗaya daga 1 zuwa 12. Wasu kwafin kuma sun bi ta WhatsApp a matsayin saƙon murya kafin su iso rumfa, waɗannan waya za ta kunna su amma rediyo ba za ta gan su ba sai an mayar da su MP3. Sautin darasi na 5 da na 6 ya yi ƙasa sosai, ga ƙarar janareto a baya. A cikin mota ba za ka ji komai ba.

Darasi na 3, na Janar Douglas MacArthur da Shugaban Amurka Harry Truman, shi ne gwarzon katin. Mai bayanin ya bi abin daki-daki. Yaƙin Koriya ya ɓarke a watan Yunin 1950, MacArthur ya sauke dakaru ta ruwa a Inchon a watan Satumba ya juya akalar yaƙin, sai nasara ta ɗauke shi ya nufi arewa har kusa da kogin Yalu, iyakar ƙasar Sin. Da suka haɗu da Truman a tsibirin Wake a watan Oktoba ya ba shi tabbacin da wuya Sinawa su shigo. Kafin ƙarshen Nuwamba sun shigo da yawansu, sun koro dakarunsa kudu. Daga nan ya nemi a toshe gaɓar tekun Sin, a yi ruwan bama-bamai a yankin Manchuriya na ƙasar Sin, a kuma saki sojojin Chiang Kai-shek, abokin gabar gwamnatin Sin, daga Taiwan. Truman ya ƙi, don yana gudun kada Tarayyar Sobiyet ta shigo abin ya zama yaƙin duniya na uku.

Inda darasin ya burge shi ne ya nuna cewa saɓanin ra'ayi bai kori MacArthur ba. Tun Disambar 1950 aka ba da umarnin kada wani babban jami'i ya yi magana a kan manufofin gwamnati sai an tantance. MacArthur ya tsallake wannan a watan Maris na 1951 da wata sanarwa da ta ɓata shirin sulhun da Truman ke yi, sannan ya rubuta wa Joseph Martin, jagoran 'yan adawa a Majalisar Wakilai, wasiƙar sukar manufar gwamnati, aka karanta ta a zauren majalisa ranar 5 ga Afrilu. Ranar 11 ga wata aka cire shi, Janar Matthew Ridgway ya karɓa. Ya dawo gida aka tarbe shi kamar sarki, amma da Majalisar Dattawa ta zauna bincike, Janar Omar Bradley, shugaban hafsan hafsoshi, ya ce faɗaɗa yaƙin zuwa Sin zai jefa Amurka cikin yaƙin da bai dace ba, a wurin da bai dace ba, a lokacin da bai dace ba, da abokin gabar da bai dace ba. Wato 'yan'uwansa sojoji ma ba su bi bayansa ba. Wannan gaɓar mai bayanin ya faɗe ta sarai, ya kuma yi kyau da ya faɗa.

Darasi na 7 kan Iraƙi ma yana da nama, sai dai da ƙashi biyu a ciki. Gaskiya ne a watan Fabrairun 2003 Janar Eric Shinseki, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa riƙe Iraƙi bayan yaƙi zai ci soja dubu ɗaruruwa, mataimakin sakataren tsaro Paul Wolfowitz kuma ya fito ya ce lissafin ya yi nisa da gaskiya. Amma katin ya ce an kori Shinseki nan take. Ba a kore shi ba, ya ƙarasa wa'adinsa ya yi ritaya a watan Yunin 2003, ko da yake an mayar da shi saniyar ware. Haka kuma janar shida masu ritaya da suka nemi sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya sauka a watan Afrilun 2006, cikinsu har da Anthony Zinni da John Batiste da Paul Eaton da Gregory Newbold, ba su ne suka tuɓe shi ba. Shugaba Bush ya tsaya masa a lokacin. Sai da jam'iyyarsa ta sha kaye a zaɓen majalisa na Nuwamba sannan aka sanar da tafiyar Rumsfeld, Robert Gates ya gaje shi. Ƙuri'a ce ta yi aikin, surutun janar-janar ya taimaka wajen shirya mata ƙasa.

To ga kuskuren da aka ambata. Mai bayanin yana kiran kowa da suna ɗaya, "jarumin da ya faɗi gaskiya", ko da kuwa abin da suka yi bai haɗa hanya ba. Shinseki tambayarsa aka yi a gaban majalisar da doka ta ba ikon tambaya, ya amsa, ya koma ofis ya ci gaba da bin umarni. Su Zinni sun tuɓe kaki kafin su yi magana, sun zama 'yan ƙasa kamar kowa. MacArthur yana riƙe da runduna a fagen fama ya je ya haɗa kai da 'yan adawa. Janar Stanley McChrystal, kwamandan dakarun Amurka a Afganistan, wanda Obama ya karɓi murabus ɗinsa a watan Yunin 2010, ba ma wata shawarar yaƙi ya kawo ba, ba'a ce shi da hadimansa suka yi wa manyan gwamnati, har da mataimakin shugaban ƙasa Joe Biden, a gaban ɗan jaridar Rolling Stone. Duk waɗannan a tukunya ɗaya katin ya zuba su. A dokar sojan Amurka kuwa akwai sashe na 88 da ya haramta wa hafsa furta kalaman raini ga shugaban ƙasa ko majalisa ko sakataren tsaro, kuma ba a ambace shi ko sau ɗaya ba cikin awa 8.

Abin ya fi muni a darasi na 9, duk da cewa shi ne na uku cikin waɗanda suka cancanci saurare, don labarin da kansa ya fi ƙarfin fassarar da aka ɗora masa. A watan Janairun 1961 Faransawa suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ba Aljeriya damar zaɓar makomarta. A watan Afrilu janar huɗu, Challe da Salan da Jouhaud da Zeller, suka ƙwace birnin Aljiyas suna cewa Shugaba de Gaulle ya sayar da jinin sojojinsu. De Gaulle ya sa kakinsa ya fito a talabijin ya hana kowane soja bin umarninsu. Ƙananan sojoji 'yan bautar ƙasa suka ji jawabin a rediyoyinsu na hannu cikin bariki, suka ƙi motsawa, cikin kwana huɗu abin ya watse. Wannan tawaye ne da makami a kan abin da jama'a suka zaɓa. Mai bayanin ya kira shi "gyara kayanka". Ga mai sauraro a ƙasar da ta ga juyin mulki tun 1966, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne.

Darussan gida, na 10 zuwa 12, su ne za a fi so a ji, su ne kuma aka fi yi wa gaggawa. An kawo Laftanar Janar Victor Malu, wanda ya soki yarjejeniyar horar da soja da aka ƙulla da Amurkawa yana babban hafsan sojan ƙasa, Shugaba Obasanjo ya sauke shi a 2001. Wannan ya shiga batun sosai, amma minti biyar aka ba shi. An kawo Alex Badeh, tsohon babban hafsan tsaro, da ya ce a bikin sallamarsa a 2015 ya jagoranci rundunar da ba ta da kayan aikin da take bukata, ba a kuma yi tambayar da kowa zai yi ba: me ya hana faɗa tun yana kan kujera? An kawo Manjo Janar Olusegun Adeniyi da bidiyonsa na 2020 daga fagen fama a Borno, wanda kotun soja ta hukunta kan saɓa ƙa'idar amfani da kafofin sada zumunta. Sai dai shi babban hafsansa yake wa bayani, soja da soja ke nan. Haka ma sojojin barikin Maimalari da suka harbi motar kwamandansu a 2014, aka yanke wa wasu hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Kokensu na rashin makami abin dubawa ne, amma ba hafsoshi ba ne, ba kuma farar hula suka tunkara ba.

Darasin yaƙin basasa ma bai kamata ya shigo ba sam. Jayayyar Murtala Muhammad da hedkwatar soja a kan tsallake kogin Neja daga Asaba zuwa Onica a 1967 gaskiya ce, an kuma yi asarar rayuka a yunƙurin, amma Gawon soja ne, gwamnatin ta soja ce. Babu farar hula a saman da za a ce an ja da shi.

Wanda ya fi dacewa da batun, kuma ya fi kusa da mu, an bar shi a minti bakwai na ƙarshe. A 1983 marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, yana kwamandan runduna ta uku da ke Jos lokacin da sojojin Chadi suka shigo tsibiran Tafkin Chadi ta ɓangaren Borno. Ya kore su, kuma abin da aka fi ruwaitowa shi ne ya bi su cikin ƙasarsu fiye da yadda gwamnatin Shehu Shagari ta so. Ranar 31 ga Disambar wannan shekarar soja suka kifar da gwamnatin. Ga kwamanda, ga zaɓaɓɓen shugaba, ga iyaka, ga tambayar wa ke da ikon cewa a tsaya. Darasi guda cikakke ya kamace shi, a jera shi da na MacArthur a ga inda suka yi kama da inda suka rabu. Mai bayanin ya yi masa kirari ya wuce. Bai kuma taɓo kundin tsarin mulkin 1999 ba, wanda sashe na 218 ya ba shugaban ƙasa ikon tsara yadda za a yi amfani da soja, sashe na 5 kuma ya ce ba za a ayyana yaƙi da wata ƙasa ba sai majalisun tarayya biyu sun amince a zama ɗaya.

Hausar dai tana da daɗi, ba a cika ta da Turanci ba, kuma yana maimaita shekaru sau biyu don mai rubutawa. Sunayen Faransawa ne ya murɗe har ba za ka gane su ba in kana son nemowa a intanet. Ɗalibin tarihi ko kimiyyar siyasa a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa zai amfana da na 3 da na 7 da na 9, muddin bai kwashe su zuwa takardar jarrabawa ba tare da ya duba littafi ba. In za ka saya, je da katinka wanda ka sani, ka biya kuɗin turi kawai, ka ce a cire maka na 5 da na 6 in ba a samu kwafin da sautinsa ya fita ba.