Sharhi kan shirin Erasmus Mundus: abin da yake ƙara wa ɗaliban injiniyanci da na kasuwanci

Daga cikin shirye-shiryen da ke kai ɗalibai karatun digiri na biyu a ƙasashen waje, Erasmus Mundus na Tarayyar Turai ya fita daban ta fuska guda, wato ba ya barin ɗalibi ya zauna a jami'a ɗaya daga farkon karatu har ƙarshensa. An ƙaddamar da shi a shekarar 2004, kuma a yau yana ƙarƙashin babban shirin ilimi na Tarayyar Turai mai suna Erasmus+. Na yi karatun injiniyanci a ƙarƙashinsa, na kuma zauna da waɗanda suka karanci harkokin kasuwanci, don haka tambayar da ta dame ni a wannan sharhi ita ce ko shirin yana mayar da mutum ma'aikacin da ya fi ƙwarewa, ko kuwa takardar shaida mai kyan gani kawai yake bayarwa.

Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Jami'o'i aƙalla uku daga ƙasashe uku ne ke haɗuwa su tsara kwas guda, ɗalibi kuma dole ya yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye, cikin shekara ɗaya zuwa biyu, daga ƙarshe a ba shi digiri na haɗin gwiwa ko digirori daga jami'o'in da ya zauna. Wanda ya samu cikakken tallafi ba ya biyan kuɗin makaranta, ana yi masa inshorar lafiya, sannan ana ba shi Yuro 1,400 duk wata na tsawon lokacin da bai wuce wata 24 ba. Ana neman gurbi kai tsaye daga jami'o'in da ke gudanar da kwas ɗin, galibi tsakanin Oktoba da Janairu, ba tare da buƙatar wani dillali ba. Wannan na ƙarshe abin yabo ne ƙwarai, ko da yake kowane kwas yana da nasa shafin intanet, da nasa wa'adi, da nasa jerin takardu, ta yadda mai neman kwas fiye da ɗaya sai ya yi haƙurin maimaita aiki.

Ga ɗalibin injiniyanci, babbar ribar ba ta cikin lissafi, domin dokokin kimiyya ba sa sauyawa idan an ƙetare iyaka. Ribar tana cikin gano cewa yadda aka koya maka yin aiki hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyi da dama. A wani aikin rukuni da muka yi, an ba mu zanen wani ƙarfe da za a fafe masa ramuka a gefe guda. Biyu daga cikinmu suka karanta zanen suka ce ramukan suna dama, sauran suka dage cewa suna hagu, kuma kowa yana da gaskiya bisa abin da ya saba. Turai ta fi amfani da tsarin zane da ake kira na kusurwa ta farko, Amurka da wasu ƙasashe kuma suna bin na kusurwa ta uku, kuma bambancinsu shi ne gefen takardar da ake ajiye kowace fuska ta abin da aka zana. Malamin bai ce komai ba, sai ya ɗora yatsa a kan wata 'yar alama mai siffar mazurari da ke ƙasan takardar, wadda ita ce ke bayyana tsarin da aka bi. Injiniyan da ya taɓa shiga irin wannan gardama ba zai sake karɓar zane daga wani kamfani ba tare da ya duba wannan alama ba.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa suna da yawa, kuma su ne ke jawo asara a wurin aiki. A Jamus da Faransa waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, don haka 1,500 a takardar Bajamushe na nufin ɗaya da rabi, ba dubu ɗaya da ɗari biyar ba. Mai karatun gine-gine zai saba da Eurocode, wato ƙa'idojin tsara gine-gine na Turai, mai karatun lantarki kuma zai riƙa tuna cewa wutar Turai tana kan 50 Hz (wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya) alhali ta Amurka tana kan 60 Hz. Wanda yake ganin wannan ƙaramin al'amari ne ya tuna kumbon Mars Climate Orbiter na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wanda ya salwanta a 1999 saboda wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafi da tsarin awon Amurka na fam da inci yayin da ɗaya ɓangaren ke sa ran tsarin awo na mita da kilogiram. Ana iya karanta duk wannan a littafi, amma gani ya kori ji, kuma a nan ne na fi jinjina wa shirin.

Ɗaliban kasuwanci suna samun kwatankwacin haka ta wata ƙofar. Kamfanonin da ke kasuwannin hannun jari na Tarayyar Turai suna tsara rahoton kuɗinsu bisa ƙa'idojin lissafin kuɗi na ƙasa da ƙasa da ake kira IFRS tun 2005, na Amurka kuwa suna da nasu ƙa'idojin, kuma bambancin yana taɓa ribar da za a bayyana. Misali, ƙa'idojin Amurka sun yarda a ƙiyasta kuɗin kayan da aka sayar kamar waɗanda suka shigo rumbu daga baya su ne suka fara fita, IFRS kuwa ta hana haka. Sai dai abin da abokaina na wannan fanni suka fi ambata shi ne zaman aji kansa. Ƙa'idar shirin ta hana a bai wa 'yan ƙasa ɗaya fiye da kashi 10 cikin ɗari na tallafin kwas guda, saboda haka babu wanda ke da rinjaye a aji. A rukuni guda za ka samu wanda ke faɗin aibin shawararka ƙiri-ƙiri yana ganin taimako ya yi maka, da wanda ba zai taɓa cewa a'a a gaban jama'a ba ko da bai amince ba, kuma dole a miƙa aiki ɗaya a ranar da aka yanka. Wanda ya iya riƙe irin wannan rukuni har aiki ya kammala ya fara koyon shugabancin ma'aikata tun kafin a ɗauke shi aiki.

Zangon ƙarshe shi ne zuciyar al'amarin. A yawancin kwasa-kwasan ana keɓe shi ne don kundin bincike, kuma da dama daga cikinsu suna ba da damar a yi shi a cikin kamfani ko cibiyar bincike. A nan ɗalibi ke samun wanda zai tsaya masa shaida a gaban masu ɗaukar ma'aikata, a nan kuma yake koyon rubuta rahoton da manaja zai iya yanke shawara da shi. Amma ba kowane kwas ne ke da alaƙa mai ƙarfi da masana'antu ba, kuma sau da yawa ɗalibi ne zai nemo wa kansa wurin. Ina ganin ya kamata mai neman gurbi ya fara bincikar wannan kafin ya dubi sunayen biranen da za a kai shi.

Raunin shirin yana fitowa ne daga inda ƙarfinsa yake. Ƙaura bayan kowane zango ko biyu tana cin lokaci da natsuwa: neman ɗaki a garin da ɗalibai suka yi yawa, sabunta takardar izinin zama, rajista da hukumomin gari, duk a daidai lokacin da jarrabawa ke ƙaratowa. Alawus ɗin kuma iri ɗaya ne ko'ina, alhali tsadar rayuwa a Faris ko Amsterdam ba ɗaya take da ta ƙananan garuruwan jami'a ba. Abin da ya fi damuna shi ne harshe. Da Ingilishi ake koyar da mafi yawan kwasa-kwasan, kuma wata shida ba sa isa mutum ya iya Jamusanci ko Faransanci har ya yi aiki da shi, alhali ƙanana da matsakaitan kamfanoni, waɗanda su ne ke ɗaukar ɗimbin injiniyoyi a ƙasa kamar Jamus, da harshen gida suke gudanar da ayyukansu. Wannan ya fi shafar ɗan kasuwanci, wanda jarinsa magana ce da sanin mutane, fiye da injiniya, wanda zanensa da lissafinsa za su iya yi masa magana.

Akwai kuma abin da digirin ba ya bayarwa. Ba lasisin aikin injiniya ba ne, domin kowace ƙasa tana da hukumar da ke rajistar injiniyoyinta da sharuɗɗanta, don haka yana da kyau a duba ko kwas ɗin yana ɗauke da tambarin inganci na EUR-ACE. A ɓangaren kasuwanci kuma a duba ko makarantar tana da shaidar ingancin makarantun kasuwanci ta EQUIS ko AACSB, a kuma sani cewa yawancin kwasa-kwasan na ƙwarewa ne a fanni guda, ba madadin MBA ba ne, wato digiri na biyu na gudanar da kasuwanci gaba ɗaya. Game da zama bayan karatu, wata dokar Tarayyar Turai ta 2016 ta tanadi aƙalla wata 9 na neman aiki a yawancin ƙasashen ƙungiyar, Jamus tana ba da har wata 18, Holan kuma shekara guda.

Hukuncina shi ne shirin ya cancanci wahalar nemansa, musamman ga injiniyan da ke son aiki da kamfanonin da ke hulɗa da ƙasashe da yawa, ko wanda ke da niyyar zarcewa digiri na uku. Ɗalibin kasuwancin da ya riga ya san ƙasar da yake son kafa kansa a cikinta zai iya fin amfana da zama wuri guda na shekara biyu, ya koyi harshen, ya san mutanen kasuwar. Idan kuma ya zaɓi Erasmus Mundus, to ya nemi kwas ɗin da zai ba shi damar yin zango biyu na ƙarshe a ƙasa ɗaya, ya fara koyon harshenta tun daga watan da aka sanar da shi cewa ya samu gurbi.